Injin da Diddigen Baba

Inna har ta koma ga Allah tana rantsuwa injin Hausa ce. Duk sanda na ce mata Turanci ce, sai ta dube ni kamar na zagi kakanta. "Ke dai da boko! Injin niƙa na nan bayan masallaci tun kina goye. Wane Bature kig gani shina niƙa gero?" Na daina gardama da ita, don in an bi ta ɓarawo, tana da gaskiyarta. Kalmar ta shigo ta zauna, ta miƙe ƙafa. Muna da injin niƙa, injin markaɗe, na mota, na jirgin ruwa, na wuta. Matar da aiki ya yi wa yawa takan ajiye tsintsiya ta ce, "Ni injin ce?" Mai surutu kuwa a ce masa ya kashe injin haka nan. Har jam'i muka yi mata, injuna, ka ji kamar a gidanmu aka raɗa mata suna.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a firamare a Rabah, inda nake aure, kuma na rubuta kalmomi bila adadin a kan allo ba tare da na ji komai ba. Wannan ɗaya ce dai in na zo kanta sai na tsaya na gyara mayafi tukuna. Saboda Baba ne.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kwargaba, garkarmu kuma, wato lambunmu na rani, tana bakin gulbi. Baba manomin albasa ne, da jigo yake ban ruwa tun kafin ya auri Inna. Yaran yanzu ba su san jigo ba. Doguwar sanda ce a kan gwafa, an ɗaura curin laka a gindinta, guga a bakinta. Ka ja ta ƙasa ta ɗebo, lakar ta ɗaga maka, ka juye a hanyar ruwa, ka sake. Sau nawa a wuni, Allah kaɗai ya sani. Kafaɗar Baba ta dama har ta fi ta hagu tudu.

Amma ba da jan jigo aka san shi ba, don kowane ƙato yana iya jan jigo. Da diddigensa aka san shi. Bai taɓa shiga garka da takalmi ba. Da safe zai bi fangali ɗaya bayan ɗaya, wato 'yan gadajen da ake dasa albasa a ciki, ya danna diddige a gefen kowanne, ya ɗan tsaya kamar mai sauraron magana, ya wuce. Daga nan ya san wanda zai sha yau da wanda zai jira jibi. Kuma in ganye ya fara kwanciya, wuyan albasa ya yi laushi, akwai ranar da zai ce, "Yau na yaye ta." Daga ranar ko ɗigo ba za ta ƙara sha ba, sai ta bushe a cikin ƙasa kafin a cire. Yaye, haka yake ce wa abin, kamar ɗiyar da ya goya. Albasar Baba takan kwana a rudu, bukkar karan da ake ajiye ta, har tsakiyar damina ba ta yi ko ɗoyi ba.

Mu biyu ne manya a gidan, ni da Yaya, kuma yadda Baba yake da ni daban, yadda yake da shi daban. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma na riƙe muƙamin nan da hannu biyu. Ina faɗa masa abin da ko Inna ba ta isa ta faɗa ba, yana dariya yana cewa tsohuwar ce ta dawo da bakinta. Yaya kuwa ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa doguwar magana ba. "Kai" ne in yana kusa, "wancan" in ba ya nan. Kunya ce, haka muka tashi muka gani, ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Sun yi shekara da shekaru suna aiki a garka ɗaya, Baba a jigo, Yaya da hauya yana juya ruwa, maganarsu ta wuni ba ta cika cokali ba.

Da aka gama dam na Goronyo, gulbi ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ruwa ya samu, sai injunan ban ruwa suka fara bayyana a bakin gaɓa, jajaye da koraye. Yaya ya sayo nasa. Ranar da za a gwada shi Asabar ce, na zo gida, na ce wallahi da ni za a je, ko mata su yi da ni. Aka sa tiyo ɗaya a gulbi, ɗaya a hanyar ruwa. Sai muka ga Yaya ya ɗebo ruwa a gwangwani yana ɗura wa injin ta wata 'yar kafa a samansa, wai sai an cika cikinsa kafin ya ja. Baba ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah. Wane irin mai ban ruwa na wanga, da sai an shayar da shi tukuna?" Kowa ya yi dariya, har shi.

Aka ja igiya, abu ya ɗauka da ƙara, ruwa ya yi tsalle daga bakin tiyo. Aikin da Baba yake kwana uku yana yi, kafin la'asar an gama. Yaya ya kashe injin, ya zo ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa, murna ta cika shi. Ya ce, "Baba, wahala ta ƙare. Ka koma gida ka huta."

Baba ya ce, "To."

Ya sauka bakin ruwa ya wanke ƙafafunsa, ya sa takalmi, ya ɗauki malfarsa. Ni kuwa, mai baki, har da sa wa Yaya albarka da ƙarfi don kowa ya ji. Wallahi da na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin, da na riƙe rigar Baba a wurin. Ban sani ba. Na ga tsoho mai karkatacciyar kafaɗa za shi inuwa, na ji daɗi.

Ban sake ganinsa a garka ba. Ya zauna a zaure yana tufka igiyar da ba wanda ya ce yana so. Duk Asabar in na zo sai na tarar igiya ta ƙaru, mutum ya ragu. Wanda yake tashi da kwanon tuwo ya nemi ƙari, yanzu sai ya taɓa gefe ya ture. Rigarsa ta fara rataya a jikinsa kamar a kan ƙusa. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, an kai shi asibitin Wurno sun duba sun ce ba su ga komai ba. Wata rana Inna ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ubanku mutuwa shikai daga zaune, ku kuna ta sa ma juna albarka." Na ce to ta yi wa Yaya magana mana. Ta harare ni. Ita ma ɗan farinta ne, ina ita ina zaunar da shi.

Ni da nake ganin boko maganin komai ne, sai na tafi neman magani a littafi. Akwai wani babban ƙamus a ofishin hedimasta, mai faɗin asalin kalmomi, wanda ba mai buɗe shi sai gara. Haushin injin nake ji, na ce bari in ga ko daga gidan uban wa ya fito. Abin da na gani ya sa na zauna. Ashe su Turawan Ingila ma aro suka yi wurin Faransawa, su kuma suka gada daga Latin, tsohon harshen Rumawa. Kuma a can ba ƙarfe take nufi ba sam. Basira take nufi, irin wadda ake haihuwar mutum da ita, dabarar da ba a koya a makaranta. Daga baya ne aka riƙa kiran abin da dabarar ta ƙera da wannan suna, tun daga kayan yaƙi na rushe ganuwa, har aka gangaro kan masu tururi da masu shan mai. Injiniya ma ɗan gidan ne.

Na kwafe a takarda, na yi ta Allah-Allah Asabar ta zo. Na tarar da shi a zaure da igiyarsa, na gaishe shi, na zauna na karanta masa, na fassara, na ƙara gishiri. Na ce, "Ka gani, Baba? Tun asali mutum ake ce wa injin. Irinka ake ce wa. Wancan jan ƙarfen sunanka ya ara."

Ya saurare ni har na gama, hannunsa bai bar tufka ba. Sannan ya ce, "To, Uwata. Su Rumawan nan, mutum sunka ba sunan, daga baya sunka amshe sunka ba ƙarhe?"

Na ce, "Kusan haka ne."

Ya ce, "Ashe ba a kaina anka hwara ba."

Kai! Na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Na ninke takardata na tura a jaka, na shiga cikin gida ina huci, na ce wa Inna mijinta ya fi jaki taurin kai. Ta ce in je in gaya masa da kaina, tunda ni ce uwarsa. A mota ina komawa Rabah na yi kuka, na haushi da na tausayi a haɗe.

A garka kuwa abu sai son barka. Ruwa ya zama ba wuya, ja igiya ne kawai, kuma duk sanda Yaya ya ba albasa ruwa sai ta ƙara kumbura. To wa zai daina? Ganye ya kwanta, ya ci gaba da ba ta. Saura kwana kaɗan a cire, yana ba ta. Ba shi kaɗai ba, duk masu sabon injin haka suka yi a shekarar. Aka cire albasa manya-manya, kowace ta cika tafin hannu, mutane suna zuwa kallo. Yaya ya cika kwando ya kawo zaure ya ajiye. Baba ya ɗauki ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya ce, "Ma sha Allah," ya mayar.

Zafin bazara bai yi nisa ba rudu ya fara wari. Ranar da na zo, tun daga bakin hanya na ji shi, wari mai hawa kai. Ruwa baƙi yana ɗiga ta ƙarƙashin kara, ƙudaje sun yi gari. Yaya da matarsa suna tsince mai ɗan dama, suna zubar da saura a rami, kuma sauran ta fi yawa nesa ba kusa ba. Noman rani guda, abincin gida biyu. Yaya bai ɗago ya dube ni ba.

Zuciya ta ɗebe ni, na wuce zaure ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ka san za ta ruɓe?"

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani ka yi shiru? Haba Baba! Ɗanka ne fa! Abincin jikokinka ne ake turawa a rami, kai kana nan kana tufka igiyar ɗaure iska! Wannan ba kunya ba ce, fushi ne, kuma wallahi bai dace da kai ba."

Ban taɓa kai masa magana nan ba. Na jira ya kore ni. Sai ya ajiye igiyar, ya daɗe yana duban ƙafafunsa, waɗanda suka yi fari suka yi laushi saboda zama. Ya ce, "Na tahi, Uwata."

Na ce, "Ina?"

"Garka. Ran da ta isa yaye. Na ƙirga kwanakinta daga nan, na san ta isa. Na ishe shi ya ba ni baya, abin nan nai shina ta ruri. Na ce, kai. Bai ji ba. Na ƙara, bai ji ba. Har sau ukku." Sannan ya ce, "Sunanai kaɗai za ni kira da ƙarhi shi waigo, ga mutane. Ban iya ba. Na tsaya, na tsaya, na komo gida."

Duk masifar da na zo da ita ta zube. Na ga tsohon nan tsaye a bakin garkarsa da takalmi a ƙafa, yana ce wa bayan ɗansa "kai", ƙarfe yana danne masa murya. Na matsa na dafa gwiwarsa na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, tsohuwar ma haka take yi masa.

Daga nan wurin Yaya na nufa, a bakin ramin. Na fara da faɗa, don na saba. Ya ce, "Ke, ni hutu nis so mashi. Tun ina yaro nike ganin kahwaɗar nan tana karkacewa. Laihi na yi?" Na ce bai yi laifi ba, sannan na gaya masa zuwan Baba, da "kai" sau uku. Ya tsaya da ruɓaɓɓiyar albasa a hannu. Namiji mai 'ya'ya biyar, sai ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce shi tun da aka fara ban ruwa yake so ya tambayi Baba ranar yaye, ya zo ƙofar zaure ya fi sau nawa, sai ya ga kamar zai ce wa tsoho ya tashi ya yi masa aiki, ya juya. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A gidanmu kam ta yi, har ta zarce, don shirun uban ne ɗan ya kwaso duka.

Bayan kaka, da aka fara gyaran garka, Yaya ya zaɓi Asabar don ya san ina nan. Da hantsi ya zo da jaki an yi masa shimfiɗa, da tsohuwar hauyar Baba ya sa mata sabuwar ƙota. Ya jingine ta a bakin zaure, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ban san yaye ba."

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Uwata, ce ma wancan, abin nan nai ya cika ƙara, ba a jin magana."

Na ce, "Ga shi nan gabanka, Baba, yana jin ka."

Yaya ya ce da ƙasa, "In ka ɗaga malhwa, ina kashewa."

Baba ya ɗan yi tunani. Ya miƙa hannu ya ɗauki hauyar, ya jinjina ta, ya ce ƙotar ta yi kauri. Sannan ya tashi ya ce jakin a mayar, shi ba gawa ba ne. A ranar ya cinye tuwonsa, Inna ta ƙaro masa tana ta faɗa wai an maishe ta baiwa, bakinta kuwa ya ƙi rufuwa don murna.

Haka suka yi rani bakwai. Injin yana jan ruwa, Baba yana cewa inda za shi da sanda zai tsaya. Da safe zai shiga ba takalmi, Yaya yana bin sa a baya, shi ma ya tuɓe nasa. Ko sau ɗaya ban ji Baba ya yi masa bayani ba. Zai danna diddige ya wuce, Yaya ya zo ya sa nasa a cikin ramin da ya bari, ya ɗan tsaya, ya bi shi. In fangali ya ƙoshi sai Baba ya cire malfa ya ɗaga sama, ƙara ta mutu nan take. Maƙwabtan garka ma suka gane, suka riƙa leƙen malfar nan, ranar da Baba ya yaye tasa sai ka ga sun shiga nasu suna latsa wuyan albasa. Bai taɓa son injin ba, har ƙarshe "abin nan" yake ce masa. Amma na taɓa kama shi ya yafa masa buhu don kada rana ta dake shi.

A rani na takwas ƙafafun suka kumbura, ya kwanta a ɗakin Inna. Na ɗauki hutu na dawo gida ina jinyarsa. Wata safiya ina ba shi kunu a ludayi, sai ya ce, "Waccan takarda taki ta Rumawa, tana nan?" Na yi mamaki, don na ɗauka ya manta tun ranar. Na ce takarda ta ɓata amma maganar tana kaina, na sake faɗa masa: basirar da ake haihuwar mutum da ita. Ya ce, "Hm. Su a kai sunka ga tasu. Ni tawa a ƙahwa anka sa ta." Ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari.

Da tarin ya lafa sai na ga yana motsa yatsu a kan bargo, yana ƙirga. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Uwata, tashi. Aika a ce ma wancan albasa ta isa yaye. Jiya ta isa. Maza, kada shi ba ta ruwa yau." Yana ƙoƙarin tashi zaune, yana neman malfarsa da ido.

Na fita da sauri, sai ga Yaya a tsakar gida ya shigo gaisuwa, ƙafafunsa duk busasshiyar laka. Na gaya masa saƙon. Ya ce, "Ai na yaye ta tun jiya da sahe."

Na koma na durƙusa a bakin gadon na ce, "Baba, ya yaye ta. Jiya da safe."

Ya ce, "Wa yac ce mashi?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya daɗe yana duban rufin ɗaki. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba. Sai na ji Baba ya kira sunansa, cikakke, a hankali, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba tunda aka haife ni. Yaya ya shigo da rarrafe ya durƙusa. Baba ya miƙa hannu ya taɓa lakar da ke diddigensa, ya murza ta a yatsa, ya mayar da kai kan matashi.

Ya ce, "To. Yanzu ina iya hutawa."

Kwana tara ya ƙara. Da albasar shekarar muka yi miyar sadakar arba'in, har ta yi saura, sauran kuma ta kai tsakiyar damina a rudu.